Baba Mai Duro da Irin da Gwaggona Ta Wanke

Kafin masu shago su buɗe, Baba Mai Duro ya riga ya share rumfarsa da ke bayan ma'ajiyar ƙungiyar manoma. Zai ɗaura takunkumi, ya zura safar hannu, ya juye irin alkama a tsohon duronsa mai mariƙi, ya auna magani, ya yi ta juyawa har kowace ƙwaya ta yi ja. Maganin nan shi ke shiga jikin tsiro ya kare shi daga darɓa, 'yan ƙwarin nan masu tsotse ganye su bar shi da danƙo tun alkama ba ta yi ƙwari ba. Duk gaggawarka, Baba ba zai ɗaure buhu ba sai ya ga babu farar ƙwaya ko ɗaya. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ni kuwa na rantse ba zai tafi shiru ba.

Gwaggona ce dalili. Shekarar da mijinta ya rasu, ƙannensa suka ce gona ta fi ƙarfin mace, in alkamar bana ba ta yi ba, za su ba wani gonar. Ita kuwa da gonar take ciyar da 'ya'yanta. Wani maƙwabci ya karɓo mata iri a rumfar Baba, ya dire a ƙofa ba bayani. To Gwaggo akwai tsabta har ta yi yawa, kuma tun tasowarta alkama ba ta shiga hannunta ba tare da ta wanke ta ba. Tana buɗe buhu ta ga ja, ta ce wace irin ƙazanta ce wannan. Ta juye a baho ta wanke shi tas, har da ɗauraya.

Baba yana komawa gida a keke ya ga jan ruwa yana bin kwata. Mutanen layin sun shaida cewa jingine keken ya yi, ya bi ruwan da ƙafa har ƙofar Gwaggo. Ga iri a shanye kan tabarma, fes, ita tana alfahari. Ya fara tambaya ko yara ko kaji sun taɓa ruwan, aka ce a'a. Ya sa ta wanke hannu da sabulu, ya rufe wurin da ƙasa, ya ce bahon ya gama shiga kicin. Sai a lokacin ya bari dariya ta kama shi. Da Gwaggo ta gane abin da ta yi, ta zauna daɓas ta ce shi ke nan, gona ta tafi.

"Babu inda za ta, 'yar nan," in ji Baba. "Wanka kika yi masa, sai mu sake masa riga."

Ya kwashe irin, ya shanya a inuwa yana motsawa don kada ya tsiro, ya sake juya shi a duro, ya kawo mata kafin lokacin shuka ya ƙure. Darɓa ta zo a shekarar, amma alkamar Gwaggo ta tsaya koriya shar. Ranar girbi ƙannen mijin suka zo taya ta, babu wanda ya sake ɗaga zancen. Wallahi daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

Baba, kai ne mai bin ruwan kwata saboda gonar da ba taka ba. Kai ne tun ranar ba ka sakin buhu sai mai ɗauka ya maimaita a gabanka: ba a wankewa, ba a ci, ba a ba dabba. Mun gode, Allah ya ba ka hutu da lafiya. Mu kuma duk wanda aka damƙa wa aiki, ya riƙa leƙawa ya ga inda aikin ya ƙare.

Jiya Gwaggo ta kai masa kwano cike da sabuwar alkamarta. Ya duba, ya haɗe fuska, ya tambaya ko ta wanke.

"Wannan kam na wanke, Baba," ta ce. "Daga gonata ce."