Muƙamuƙin Gausu Wanzami

Shekara talatin Gausu wanzami ya yi yana cire wa jariran Zangon Kumasi beli, har ranar da wata jaririya ta rasu a hannunsa, da safiyar sunanta. Ya rataye zabira, bai ƙara ambaton jaririyar ba.

Da tsufa ya kama shi, muƙamuƙinsa ya riƙe, ko goro ba ya iya taunawa. 'Yarsa Hikima ta kai shi wani asibiti wajen unguwar Manhyia, aka soka masa siraran allurai gefen kunne, aka jona musu lantarki. Haɓarsa ta shiga rawa, sak yadda ta jaririyar ta yi a tafinsa.

Hikima ta ce, "Baba, da zafi ne?"

Sai bakin ya buɗe. "Anisa aka raɗa mata," ya ce.