Ruwan Bagaruwa a Tanderun Lantarki

Akwai wata Juma'a da ko tsufa ya kwashe mini duk abin da na sani, ita ba zai iya kwashewa ba. Yanzu da Allah ya sa na koyi rubutu da girmana a ajin yaƙi da jahilci, ita ce na ga ya kamata in fara rubutawa da hannuna.

Mu mutanen bakin Komadugu ne, daga wajen Bosso. Ni manomin tattasai ne, ƙanwar mahaifina kuwa, wadda nake kira Gwaggo, maginiyar tukwane ce. A ƙauyenmu ba a kai amarya ɗaki babu kaskon turaren Gwaggo a cikin kayanta. Da tashin hankali ya koro mu garin Diffa, ni na samu aikin gadi a wata cibiyar koyar da sana'a, ita kuwa ta zauna ba aikin fari balle na baƙi. Yumɓu ana samu, gashin ne ya gagara. A gida rami ake haƙawa a jera tukwane, a lulluɓe su da itace da kashin shanu a cinna wuta. A gari babu fili, itace ya yi wuya, daji kuma ba ya shiguwa. Sau da yawa nakan same ta zaune tana murza tafin hannu a cinyarta, kamar mai lailaya yumɓun da babu shi.

Muna nan sai wata ƙungiya ta kawo wa cibiyarmu tanderun lantarki don mata masu ginin tukwane. Wani akwatin ƙarfe ne mai ƙofa, tsayinsa ya kai ƙirjina. Cikinsa an jera farin bulo mara nauyi, a jikin bulon kuma an kwantar da wasu wayoyi naɗaɗɗu, su ne ke yin ja su ba da zafi. Aka turo wani teknisiye, wato ma'aikacin lantarki, daga Zinder ta Damagaram ya kafa shi. Yana jin Hausa da Faransanci, matan kuwa yawancinsu Barbarci ya fi zama a bakinsu, don haka na zama tafinta.

Ba zan ci haƙƙin mutumin nan ba, ya yi aikinsa da tsoron Allah. Ya sa aka zuba daɓen siminti ya daidaita, ya janye tanderun daga bango don iska ta riƙa zagayawa, ya ja masa waya tasa shi kaɗai daga mita, ya kuma kafa wani ƙarfe a ƙasa wanda ya ce shi zai shanye wuta in ta ɓalle. Ya sa aka fasa taga a sama. Tabarmi da buhunan da ke ɗakin duk ya ce a fitar. Kafin a sa masa ko kasko ɗaya, sai da ya kunna shi babu komai a ciki, a hankali, don danshin bulon ya fita.

Gwaggo tana tsaye tana kallo, ta riƙe haɓa.

"Tambaye shi, ina hayaƙin?" ta ce mini.

Na tambaya. Ya yi dariya ya ce, "Iya, wannan wutar ba ta shan taba."

"Wutar da ba ta hayaƙi munafuka ce, ɗan Damagaram," in ji ta. Amma na ga idonta yana ƙyalli. Rabona da ganinta haka tun muna gida.

Ya koya musu dokoki, ina juyawa. Kada a sa tukunyar da ba ta bushe sarai ba, za ta fashe. Kada tukunya ta taɓa wayoyin. A sa safar hannu mai kauri. In za a share ciki, sai ya huce, an kashe shi daga mita, da burushi mai laushi. Babbar dokar kuwa, ya nuna wani ɗan gilashi mai lambobi a gefen ƙofa, ya ce zafin ciki yana kusan digiri dubu, ko ya kashe kansa kada a buɗe sai lambar ta sauka ƙasa sosai, wato sai gobe.

Gwaggo ta ce, "Don me?"

"Zai ƙona ki, Iya."

Ta miƙa masa hannayenta, duk tabon wuta. "Gaya masa tun ba a haifi uwarsa ba nake zaro tukunya daga garwashi."

Na sassauta maganar kafin in juya ta, aka yi dariya, aka wuce. Shi ya tafi da cewa ta ji doka. Ita ta tafi da cewa yaron birni ne yake jiye mata tsoron abin da ta fi shi sani.

Ga abin da babu wanda ya faɗa a ɗakin nan. A wurinmu, fitowa daga wuta ba shi ne ƙarshen aikin tukunya ba. Ana dafa ƴaƴan bagaruwa a ajiye ruwan. Tukunya tana ja zur ake zaro ta da sanda, a tsoma tsintsiya a ruwan a yayyafa mata. Sai ta yi ƙara, ta sha, ta fito da duhu mai sheƙi da zane kamar fatar damisa. In ta huce ba ta sha. Kaskon da bai sha bagaruwa ba, a idon Gwaggo tsirara yake. Wannan abu ne da kowane ɗan ƙauyenmu ya tashi ya gani, har ba ma ɗaukarsa abin faɗa, kamar yadda ba ka gaya wa baƙo cewa ana sa gishiri a miya. Shi kuma teknisiye bai taɓa ganin an watsa wa tukunya ruwa ba, balle ya hana.

Gwaggo ta yi makonni tana gini. Kasaken turare ta yi masu ƙafa, da ƴan tuluna, hannunta ya dawo kamar bai taɓa hutawa ba. Daga nesa nake jin muryarta tana yi wa matasan matan faɗa, wai bakin tulunsu ya karkace kamar hular mahaukaci.

Ranar Juma'ar da sassafe aka jera kayan, teknisiye ya rufe ƙofa ya kunna. Wajen azahar tanderun ya kai inda aka saita masa ya kashe kansa. Mutumin ya duba, ya ce alhamdu lillahi, sai gobe da safe. Muka yi alwala, ni da shi muka tafi masallaci.

Da muka dawo, tun daga bakin titi na hango tururi yana fita ta tagar sama. Warin da ya bugi hancina warin gidanmu ne na ƙauye, warin bagaruwa a kan yumɓu mai zafi. Nan take na san abin da ya faru.

Matan ne suka ba ni labari daga baya. Bayan fitarmu Gwaggo ta sa aka ɗauko mata tukunyar ruwan bagaruwa da ta dafa tun a gida. Wata ta ce, "Iya, an ce sai gobe." Ta ce, "Gobe ai sun huce. In bar su su fito tsirara, a ce nawa ne?" Ta naɗe hannu da tsumma ta buɗe ƙofar. Zafin da ya fito ba irin na rami ba ne, wanda iska ke ɗauka ta watsar. Wannan a kulle yake, ya fito gaba ɗaya. Sandar da ta zura ta kama da wuta kafin ta taɓa kasko. Da ta ga ba za su zaru ba, kuma ga su suna ja suna jiranta, sai ta ɗebi ruwan da ƙwarya ta watsa ciki. Tururi ya taso ya daki hannunta.

Mun tarar da ita zaune a ƙasa, ta ɗaga hannun dama, fatar ta saluɓe. Ba ta kuka. Cikin tanderun take kallo. Bulon ya tsattsage, wayoyin sun karairaye, kasaken nan duka sun dare. Teknisiye ya ruga ya kashe mita, ya sa aka riƙa kwarara mata ruwa mai tsabta a hannu, muka ɗauke ta a a-daidaita zuwa likita.

A can, muna zaune a kan benci, ya dafe kai ya ce mini, "Da wutar lantarki tana ciki lokacin, da gawa muka kawo. Amma ruwa, malam? Ruwan me?" Na bayyana masa. Can ya ce, "Da na sani, ai abu ne mai sauƙi."

Kuma mai sauƙin ne, wannan ne ya fi ci mini rai. Bayan watanni da aka samo bulo da wayoyi aka gyara tanderun, aka sa wa ƙofar kwaɗo, shi da kansa ya zauna da matan ya ce su nuna masa aikinsu daga ɗebo yumɓu har ƙarshe. A zama ɗaya aka samu hanya. A gasa a tanderu, a bari ya huce har gobe, sannan a fito da kayan tsakar gida a sake zafafa su a kan ɗan gawayi, a yayyafa bagaruwa. Duhun bai kai na rami ba, amma yana kamawa. Haka ake yi har yau.

Hannun Gwaggo ya warke, sai dai yatsun sun ƙage, ba sa lanƙwasuwa. Ranar da teknisiye ya je gaishe ta, ya durƙusa ya ce, "Iya, ki yafe mini, ban tambaye ki ba." Ta ce, "Tashi, ɗan Damagaram. Ni ma ai ban tambaye ka ba." Ba ta ƙara gina ko murfi ba. Takan zo cibiyar ta zauna a inuwa, a miƙo mata kasko ta ƙwanƙwasa da hannun hagu ta kara a kunne, ta ce wannan ya gasu, wannan da saura. In an fara yayyafa bagaruwa sai ta juya fuska wajen bango.

Yanzu ni ke kula da tanderun. Ina karanta lambobin da kaina, mabuɗin kwaɗon yana aljihuna ko masallaci zan je. Duk sabuwar da ta zo koyo, ba na fara mata da doka. Sai in ce ta zauna ta gaya mini yadda ake yi a garinsu, har abin da take ganin bai kai a faɗa ba. In kuma na hana abu, sai na faɗi dalilinsa duka, na mutum da na tanderu.

Abin da ranar nan ta koya mini ke nan. Mutum biyu suna iya zama a ɗaki ɗaya, kowa gwani a aikinsa, kowa da kyakkyawar niyya, ga tafinta a tsakaninsu, amma abin da zai cuce su yana cikin abin da kowa ya ɗauka sananne ne. Tambaya ɗaya aka rasa, kuma kuɗinta hannun Gwaggo ne.