Motar da Ta Daina Tsayawa Caji

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa faɗin abin da ke ransa a farkon hira ba. Sai an gaisa, an tambayi gajiya da aiki da zafin gari, ya ba da labarin wanda aka yi wa haihuwa da wanda katangarsa ta faɗi, sannan dab da sallama ya ce, "Af, ban gaya maka ba." Abin da ya biyo baya shi ne ainihin maganar. Tun muna ƙanana mun san halinsa. Ni ne na yi sakaci, har ya yi ciwon ajalinsa ban sani ba.

A Dubai bas mai lantarki nake tuƙawa, ina kwasar ma'aikata daga masaukinsu a Dubai Investments Park zuwa masana'antu. Kullum bayan azahar sai na tsaya caji, minti arba'in cur. Na tsani tsayuwar nan, kana zaune kamar mai gadin tukunya, zafi na cin ka. Amma a nan nake sallah, in ci shinkafar da na ƙullo, in kira Kano. Lokacin hantsi ne a can, Baba yana zaure. Minti arba'in kan ishe shi ya kewaya ya iso kan magana.

Sai kamfaninmu ya shiga gwajin wani sabon titi. An binne wayoyi a ƙarƙashin kwalta, an ɗaura wani faranti a ƙasan bas, in ka hau layin batir na shan wuta kana tafiya. Ni aka zaɓa in tuƙa bas ɗin gwajin, na yi ta hura hanci a gaban sauran direbobi. Manaja kuwa da ya ga lokaci ya rarar, ya ce da Larabcinsa, "Khalas, habibi," wato shi ke nan, abokina, "ba sauran tsayawa. Yalla, mu je!" Ya ƙara mini sawu ɗaya a kullum.

Hirarmu ta koma ta minti uku, ina tuƙi. Ba zan ɗora wa titi laifin duka ba. In na tashi aiki ina iya kira, gajiya ce ke sa in ce sai gobe.

Ran nan Baba ya tambaye ni, "Wai yaushe kake tsayawa shan wutar nan taka?"

Na yi dariya. "Ai Baba an wuce nan. Yanzu titi ke shayar da mota, ba ma tsayawa."

Ya ce, "Ikon Allah. To, Allah ya tsare hanya."

Wata biyu muka yi a haka. Wata Laraba ƙanwata ta kira ina kan layin, ta ce, "Yaya, samu wuri ka tsaya." Na gangara gefen titi da mutane cike a bayana. Baba ya rasu da safen nan, ciwon ƙoda, ya yi makonni yana kwance. Ko jana'iza ba zan samu ba.

Baƙin ciki ya sa na hau ta da faɗa. Duk gidan an rasa mai bakin da zai gaya mini?

Ta bari na gama, tana kuka. Ta ce, "Shi ya hana mu. Ya ce ba a jefa wa mutum maganar ciwo yana tuƙi da rayukan jama'a. Ya ce a ƙyale ka, ranar da ka tsaya shi zai gaya maka da bakinsa. Yaya, kullum sai ya sa an ajiye masa wayar kusa da matashinsa."