Abin da Anti ta zuba min a man shafawa

"Yarinya, man bilicin kike shafawa?"

Haka mai kemis ɗin layinmu a Tudun Wada ya tambaye ni jiya, a gaban mutane. Na je ne saboda kumatuna sun yi ja, in na shiga rana sai zafi kamar an shafa min barkono. Na rantse masa man kaɗanya kawai nake shafawa. Ya ce in kawo kwalbar. Yana shinshinawa ya ce an yi haɗi a ciki.

Mutum ɗaya ce ta taɓa aron kwalbar nan: Anti Rabi, ƙanwar Mama, wadda za a yi bikinta ranar Asabar.

Na same ta na ce, "Anti, me kika zuba min a mai?"

Ko a jikinta. Ta ce, "Ke, taimakonki na yi. Duk ƙawayena farare ne, ke kaɗai za ki ɓata min hoto?"

Ni ba mai magana ba ce, ko a aji ba na ɗaga hannu. Amma na ce, "Fuskata ce, Anti, ba taki ba."

Yanzu wai in rufe wurin da hoda ranar biki. Wallahi ba zan shafa ba. Zan tsaya kusa da ita a hoton, da baƙina da ƙunar da ta ja min. Duk wanda ya tambaya, ita za ta ba shi amsa.

Don Allah ku gaya min, rashin kunya na yi?