Yarona ya zama biyu a na'urar Kankia

Mun tashi da asuba daga Boko, ni da surukata da yarona a baya. Tamowa ke cinsa tun farkon damina, har awon hannunsa ya shiga ja. An ce akwai abincin masu tamowa, irin na leda, amma sai wanda sunansa ke cikin na'ura.

Hanyar Kusada duk ruwa ya zaizaye ta. Ɗan acaɓan yana kauce wa ramuka, surukata tana salati tana mintsininsa. Gero ya yi kyau hagu da dama, sai dai ba a cin kyau.

A ƙaramin asibitin Kusada ma'aikaciyar ta ce abincin yana Kankia. Sunayen da suka ɗauka a ƙauyuka kuma suna nan kwance cikin na'urarta, ba su tafi ba, don sabis ya ɗauke tun da iska ta taɓa dogon ƙarfen sabis ɗin. Sai ta kwafe su cikin wani ɗan abu kamar ɗan yatsa, filashi ta kira shi, ta ce in miƙa wa malamin kwamfuta a can. Na ƙulle shi a bakin zane. Duk inda mota ta girgiza sai na shafa in ji yana nan. Yaran ƙauyuka da yawa ne a ƙulle a zanena, ba nawa kaɗai ba.

Kuɗin mota ya ƙaru. A tasha wata Bafulatana ta dama mana fura, ta leƙa goyona, ta ƙara mana nono. Yaron ko cokali bai karɓa ba.

Mun isa Kankia rana ta take. Malamin ya soka filashin, ya ce bari na Kusada su haɗu da na nan su zama ɗaya. Wani layi kore yana ta rarrafe a fuskar kwamfutar. Da ya cika, sai malamin ya ɓata rai. Wai yara biyu kwamfutar ta gani, uwa ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, suna daban. Ta zaci ana son karɓa sau biyu, ta riƙe su duka.

Nan na gane. Ɗan fari ne, kuma sunan marigayi surukina ya ci, ban taɓa kiransa ba. Da masu rubutu suka zo ƙauye, sai na ce masu sunansa Baba. Ubansa kuwa, da ya kawo shi nan a bara, sunan yanka ya bayar.

Malamin ya ce, "Baiwar Allah, faɗi sunansa na gaskiya in tabbatar."

Na sunkuyar da kai. Ya juya ga surukata. "Tau Iya, ke faɗa."

"Ni in kira sunan maigidana? Yaro, kai ba ka da uwa ne? Ga shi nan a gabanka, karanta mana!"

Ya ce a'a, daga bakinmu ake son ji. Yaron ya yi ɗan kukan nan nasa da ba shi da ƙarfi. Sai na faɗa. A gaban surukata, a gaban mutanen da ke layi, har sau biyu, don bai ji na farko ba.

Ya gyara. Amma wai sai gyaran ya tafi Katsina ya dawo kafin a buɗe sunansa, sabis ɗinsu kuma ya riga ya ɗauke. Ya ce mu dawo mako mai zuwa. Ina kallon kwalayen abincin a bayansa, jere har rufi.

Mun iso gida da la'asar sakaliya. A hanya surukata ce ta karɓi goyon.

Abin da na koyo, mata 'yan uwana: na'ura ba ta san kunya ba. Duk inda za a rubuta ɗanki, ki ba da suna ɗaya, ko da za ki rufe fuska ki faɗa. Ni na makara da koyo. Mako guda ba komai ba ne ga kwamfuta. Ga hannun yarona, ban sani ba.