Hannun Safiya a maƙogwarona

Ina zaune a asibiti a Anka, ɗiyata Safiya tana kan cinyata. Sa'o'inta suna ta surutu, ita kuwa shiru tun da gubar dalma ta taɓa ta.

Ni da na saba da littattafan da komai ke warwarewa a ƙarshe, na tambayi malamar asibitin, "Anti, za ta yi magana kuwa?"

"Sai Allah. Ɗora hannunta a maƙogwaronki, ki ce sss, sannan zzz."

Sss bai motsa komai ba. Da na ce zzz, maƙogwarona ya girgiza a tafinta. Safiya ta zaro ido, ta dafa nata wuyan.

"Zzz," ta ce.

Ashe murya har da hannu ake jin ta. Iyaye mata, da wane sauti naku suka fara?