Kututturan da Kakata ta Kewaye da Duwatsu

Ƙarar diga a kan fako ba ta kama da ta kalme a gona. Busasshiya ce, kamar ana dukan ƙashi. Ita ta tarbe ni bara da na sauka daga motar Filinge, tun ban hango rumbunan garinmu ba, ta mayar da ni shekarun da wannan fakon yake kurmi.

Kai da ka san wurin yanzu da wuya ka yarda. A wancan zamanin, a gindin dutsen da ke arewa da gari, gawo da kirya da tsamiya sun haɗa kai har rana ba ta taɓa ƙasa. Ba a shiga da gatari. Kakata, mahaifiyar babana, 'yar bori ce, ita ke kula da wurin. Idan bazara ta yi nisa sai ta ɗauki fura da baƙin ɗan akuya ta tafi roƙon ruwa, ni kuwa ina riƙe da gefen zanenta. Ciki akwai sanyi da warin ruɓaɓɓen ganye, da kukan kurciya wanda ba ka ganin mai yinsa.

Sai ruwa ya ƙi shekara biyu a jere. Muka ci anza, 'ya'yan itacen daji da ake ci lokacin yunwa, har ɗacinta ya zauna mana a baki. Ƙanena na goye ya rasu. Kwana uku bayan nan babana ya wasa gatari, ya zo ya durƙusa gaban kakata.

"Inna, ɗiyan nan za su ƙare," in ji shi.

Ba ta hana shi ba, ba ta kuma ba shi izini ba. Bango ta juya ta fuskanta. Shi ya sare gawon farko, maza suka bi bayansa. Jakuna suka riƙa kai itace kasuwa suna dawowa da hatsi. Mun rayu. Kakata ma ta ci tuwon, na gan ta tana ci a hankali, idonta a ƙasa.

Daga nan bori bai sake hawanta ba. Ko an ja goge sai ta zauna kamar baƙuwa. Kowace safiya takan tafi inda kurmin yake, ta tsinci duwatsu ta kewaye kututture ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka ce ta zautu. Na taɓa tambayarta dalili, sai ta ce, "Ba su tahi ba. Ƙasa sunka shiga." Har yau ban sani ba ko itatuwan take nufi ko iskoki masu wurin. Ta rasu a damina ta uku. Iska ta kwashe ƙasar, ruwa ya riƙa gangarowa da gudu yana yanka gonaki, babana kuma bai ƙara taka wurin ba.

Aikin da na tarar bara mutanen gari ne suka tayar da shi da kansu, mata a gaba. Sun yi ta zirga-zirga har suka samu wani furoje, wato shirin tallafi, ya ba su diga da shebur da malamar gona. Sun kuma zauna da Fulanin da ke saukowa daga wajen Sanam, aka shirya a tsare dabbobi damina uku, ciyawar da ta fito a raba da su. Ana haƙa ramuka masu siffar rabin wata don su tare ruwa.

Ranar da za a kawo dashe, babana ya fito da sandarsa, gemu fari fat, mutumin sahun gaba a masallaci. Ya bi fakon yana nunawa: nan kirya, nan tsamiya, nan gawon da ya fara sarewa. Duk inda aka share yashi sai ga zoben duwatsu. Kututturan da yawa sun ruɓe. Amma a wasu, da malamar ta kankare saiwa da farce, ɗanya ce. Ashe kowace damina suna tohowa, awaki na cinyewa. Ta ce waɗannan ba sa bukatar dashe, a haƙa musu rami kawai a tsare su.

Bana wasu sun kai mini ƙugu. Ciyawa ta dawo, yara suna wasa a wurin, ba sa jin tsoron komai. Babana ne kaɗai ke tsayawa a baki kafin ya shiga. Ya tambaye ni ko na riƙe gaisuwar da mahaifiyarsa ke yi wa masu wurin, domin shi bai taɓa koya ba, kuma duk waɗanda suka sani sun mutu. Na ce ban riƙe ba, ina ƙarama.

Sannan ya ce shi sallama kawai yake yi, irin ta Musulmi.

"Ba a amsawa," in ji shi. "Amma ina ɗan jira."